Ramin da aikin titi ke bari a bayan gari

Yau magana ce a kan titi. Kwalta da gada kowa na ganin su, don haka hankalina ya fi karkata ga wurin da aka ɗebo ƙasar da aka shimfiɗa kwaltar a kanta.

Idan kana bin hanyar Sakkwato zuwa Jega, ka wuce Bodinga da Shagari, ka bi ta Dogon Daji ka shiga Tambuwal, ka riƙa ɗan duban gefen hanya. Jefi-jefi za ka hangi wani makeken rami, bakinsa ja wur, gefensa a tsaye kamar an yanka da wuƙa. Da rani a bushe yake, awaki na yawo a ciki. Da damina kuwa tafki ne. Haka abin yake a kusan kowace babbar hanya a ƙasar nan, har ido ya saba, mutum ya ɗauka halittar wurin ce. To, katafila ce ta haƙa shi.

Mu ɗan yi lissafi tare. Faɗin titin gwamnatin tarayya mai hannu ɗaya mita 7.3 ne, ga kafaɗa ta mita 2.75 a kowane gefe. A ƙaddara kaurin burjin da za a zuba santimita 30 ne kawai. Kilomita guda zai ci kusan lodin tifa 400, idan tifar mai ɗaukar mita 10 ce a kowane sawu. Ban sa cikon fadama da na bakin gada ba, inda ƙasa ke tafiya kamar ana zuba ta a rijiya. Hanyar Sakkwato zuwa Tambuwal zuwa Jega har Makera, wadda aka gyara da kuɗin Sukuk aka miƙa a 2021, ta haura kilomita 300. Duk ƙasar nan daga gonar wani ko makiyayar wani ta fito.

Ramin kuwa ba baƙo ba ne a gidajenmu, ko da yana bayan gari. Da ruwan farko ya taru, can yaran unguwa ke zuwa wanka, can 'yan mata ke kai wanki, can almajirai ke wanke tufafi ranar Alhamis. Tafkin da Allah ya yi yakan fara da idon sawu, ya kai gwiwa, sannan ƙugu, yaro na jin zurfin yana ƙaruwa. Ramin katafila taku ɗaya ne tsakanin tudu da zurfin da ya fi ƙarfin babba, gefensa kuma santsi ne, babu abin kamawa. Wanda ya tsira daga wannan, ga sauro na hayayyafa a bakin ruwan, ga dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya. Uwar da ta ga ɗanta yana fitsari da jini ta san abin da nake faɗa, ko da ba ta taɓa danganta shi da aikin titin da aka gama shekaru biyar da suka wuce ba.

Abin da nake so ka sani, mai karatu, shi ne barin ramin a haka saɓa alkawari ne, kuma alkawarin a rubuce yake.

A 1988 aka gano wasu dubban ganguna na guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko. Ba Kokon jihar Kebbi da ke kan hanyar Yawuri ba, wata Koko ce ta bakin ruwa a jihar Delta ta yanzu. Abin kunyar ya sa gwamnatin Babangida ta kafa hukumar kare muhalli a shekarar, sannan a 1992 ta fitar da doka mai lamba 86, wadda ta ce kafin a fara babban aiki, har da manyan hanyoyi, sai an yi nazarin abin da zai jawo wa ƙasa da ruwa da mutanen wurin. Ana rubuta rahoto, Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ta duba, a kuma ajiye shi kwanaki 21 na aiki inda jama'a za su iya karantawa su yi ƙorafi, yawanci har da sakatariyar ƙaramar hukumar da aikin ya shafa. A cikin rahoton akwai sashen da ke jera alkawura: a ina za a ɗebi ƙasa, yaya za a gyara wurin bayan an gama, sau nawa tankar ruwa za ta yayyafa wa hanya saboda ƙura, ina za a zuba baƙin mai, bishiya nawa za a sare, nawa za a dasa. A 2007 aka kafa NESREA domin tilasta bin dokokin muhalli, kuma tana da ƙa'idoji na musamman a kan aikin gine-gine tun 2011.

Daga nan aiki iri biyu ke biyowa, kuma mutane kan haɗa su. Na farko sa ido ne yayin da ake aikin: a auna ƙura, a ɗebi ruwan rijiyar da ke kusa da sansanin ma'aikata a gwada, a duba ko kwalbati na zaune a inda ruwa ke bi. Na biyu bin diddigi ne, wato a ɗauko takardar alkawura a bi ta layi-layi, a ga me aka cika me aka tsallake. Duk matar da ta taɓa ɗora wa yarinya talla ta san bambancin. Aika wani ya leƙo ta a bakin kasuwa daban, zaman ƙirga ciniki da yamma daban, kuma wanda ya bar ɗaya zai ji a jarinsa.

A takarda tsarin ba shi da laifi. A ƙasa yake rauni. Wanda ke son aikin shi ke biyan masu rubuta rahoton. Rahoton da Turanci yake, mai kauri kamar bulo, sanarwar ajiye shi kuma a jaridar da ba ta zuwa ƙauye. Jami'in da zai zo duba aiki daga Abuja ko Sakkwato sau da yawa a motar ɗan kwangila yake zagayawa, kuma wanda ya ɗauke ka a motarsa ba zai bi da kai ta bakin ramin ba. Tarar da dokar 1992 ta yanka wa kamfani ba ta wuce naira miliyan 1 ba, kuɗin da bai kai na man katafila na 'yan kwanaki ba a yau. Don haka idan ana jiran tsoron tara ya cike rami, za a daɗe.

Inda ƙarfin yake shi ne kuɗin da ba a riga an biya ba. A irin wannan kwangila akan riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila, yawanci na tsawon shekara guda bayan kammala aiki, har sai injiniyan gwamnati ya sa hannu cewa komai ya yi. Kafin wannan sa hannun, maganar gari tana da nauyi. Bayansa, katafila ta hau tirela ta tafi wata jiha, sai dai a yi ta rubuta takardar koke. Mu kuma mun saba yin shiru lokacin aiki, don kada a ce muna hana ci gaba, sai an ciro yaro daga ruwa sannan a tara dattawa.

Akwai kuma laifin da ke cikin gida, kuma sai an faɗe shi. Sau da yawa ba ƙwace gonar ake yi ba. Wakilin kamfani ne ke zuwa wurin mai gona, a yi ciniki da baki a gindin bishiya, a ƙirga masa kuɗi. Babu takarda, babu maganar zurfi, babu maganar gyara. Wani lokaci gonar ta gado ce da ba a raba ba, babban wa ya karɓi kuɗin, ƙannensa mata na gidajen aure ba su ji ba sai da gona ta zama rami. Ƙasar sama, wadda taki da ganye suka gina shekara da shekaru, ita ya kamata a fara turewa gefe a tara, a mayar da ita bayan an gama. Idan aka kwashe ta tare da burji, ko an cike ramin, gero ba zai yi ba. Ya ɗan'uwa mai gona, idan an zo maka, a rubuta: iyakar wurin, iyakar zurfin, inda za a tara ƙasar sama, da ranar gyara. Mai gari ya shaida, a kai wa uban ƙasa kwafi, magada duka su sani.

Ban ce kowane rami sai an binne shi ba. A ƙasa irin ta Tambuwal da Kebbe, inda ruwan sama na 'yan watanni ne, ramin da ke riƙe ruwa har tsakiyar rani dukiya ne. Makiyayi zai shayar, mai bulo zai buga, wani ma ya yi 'yar albasarsa a gefe. Idan gari na son a bar shi, sai a nemi a kwantar da gefensa ya yi gangare yadda saniya za ta sauka yaro ya iya fitowa, a kewaye ɓangaren mai zurfi, a kuma tabbatar ba a kan hanyar makaranta yake ba. Wannan aikin yini ɗaya ko biyu ne ga katafilar da ke wurin. Abin da ba daidai ba shi ne a bar shi don an ƙi kashe kuɗi, sannan a ce wai an yi wa gari dam.

Kwalbati ma haka. Tsohon da ya shekara sittin yana noma a wuri ya fi na'urar awo sanin inda ruwa ke bi a shekarar da aka yi mamako. Titi ganuwa ce. Idan aka ɗaga shi aka rage ƙofofin ruwa, gefe ɗaya gonaki su nutse, ɗaya gefen ruwan ya fito da ƙarfi ya yanka kwazazzabo. A tambayi dattawa tun ana kafa turaku, a kuma duba inda burtali ya tsallaka.

Maganar na da lokaci yanzu. A Oktoba 2024 aka ƙaddamar da babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry daga Illela, mai tsawon kilomita 1,068, za ta ratsa jihohin Sakkwato da Kebbi. Ga kuma shirin RAAMP na hanyoyin karkara da Bankin Duniya ke tallafawa, jihohin biyu na ciki. Ayyukan bankin suna zuwa da sharaɗin kafa hanyar karɓar koken jama'a, kuma ba wasa ba ne: a Disamba 2015 bankin ya soke kuɗin wani aikin hanyoyi a Uganda bayan mutanen yankin Kamwenge sun kai ƙarar yadda ma'aikatan titi ke lalata da 'yan mata, ga sakaci da lafiyar jama'a. Wannan ma na cikin abin da ake sa wa ido. Sansanin ma'aikata maza ɗaruruwa, da kuɗi a aljihu, kusa da garin da yara mata ke kai tallar abinci, abu ne da iyaye za su zauna a kansa tun kafin a kafa shi.

Idan ana aikin hanya kusa da ku, ku je sakatariya ku tambayi takardar alkawuran, ku nemi malamin makaranta ko wani ɗanku da ya yi boko ya fassara sashen ramuka da ƙura a masallaci ko a ƙofar mai gari. Ku ɗauki hoton ramin da waya, da kwanan wata. Ku rubuta wa injiniyan da ke kula da aikin, ku aika kwafi ga ma'aikatar muhalli ta jiha da ofishin NESREA, ku riƙe naku da hatimin karɓa. Ƙungiyoyin mata kada ku bar wa maza wannan, ku ne kuka san inda yara ke zuwa bayan an tashi islamiyya. Wanda kuma akwai irin wannan rami a garinsu, ya rubuto mana sunan garin da nisan ramin daga gidaje, za mu tattara mu dawo kansu a wannan fili in Allah ya kai mu.