Wa Ya Shafa Wa Injekta Baƙin Jini?

Duk ranar Juma'a, garin Wudil yakan cika ya batse da motoci. Daga kan gadar kogi har zuwa kara, tireloli da gingimari ne jere suna jiran lodin shanun da za a kai Kudu, ga ƙananan motocin haya masu zirga-zirga a kan kilomita 40 ko makamancin haka da ke tsakanin garin da birnin Kano. A gefen wannan babbar hanya ta Maiduguri kuwa, garejin bakanikai ne birjik. Wanda ya daɗe yana zama a irin waɗannan wurare ya san wata magana da ta yi shekaru tana yawo a bakin direbobi, wato cewa mota mai injekta ba motar talaka ba ce, domin ranar da ta ƙi tashi babu mai lallashinta, alhali mai kafireto ko a tsakiyar daji ta tsaya, da sukudireba da ɗan tsumma sai a tashe ta. Wannan magana ta sa an cire wa motoci da yawa kayan feshin mai da suka zo da su daga Turai an ɗaura musu kafireto. Ya kamata a tsaya a bincika asalin wannan baƙin jini, domin a yau kuɗin mai ya mayar da shi al'amarin aljihun kowa.

Da farko dai, injin fetur ba ya cin mai tsagwaronsa. Abin da ke ƙonewa a cikin silinda cakuɗe ne na iska da mai, kuma ƙonewar ba ta cika sai an sami kimanin kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na mai, bisa nauyi. Kafireto yana yin wannan haɗi ne ta hanyar barin iskar da fistin ke zuƙa ta ratsa wani matsattsen maƙogwaro, sai saurinta ya tsotso mai daga wani ɗan kwano. Dabara ce mai sauƙi, amma awonta na kintace ne, domin sanyin safiya da zafin rana da hawan tudu duk suna sauya lissafin. Injekta kuwa famfo ne ke matsa man da ƙarfi, a auna shi, sannan a fesa shi ta wasu ƙananan ramuka har ya zama kamar raɓa. Idan awon ya yi daidai, injin yakan ƙara ƙarfi, ya rage shan mai, ya rage hayaƙi. Sharaɗinsa shi ne tsabta, saboda ramukan feshin ƙanana ne ƙwarai, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta toshe su.

Gaskiyar magana, ba a Kano aka fara zargin injekta ba, kuma zargin na farko yana da tushe. A shekarar 1954 kamfanin Mercedes-Benz ya fito da motar gudu mai suna 300 SL, wadda ƙofofinta ke buɗewa sama kamar fikafikan tsuntsu. Famfon Bosch ne ke fesa mai kai tsaye cikin silinda shida na injinta, abin da ya ba ta ƙarfin doki 215, ya sa ta cikin motocin da suka fi kowace gudu a zamaninta. Amma tana da aibi. Idan direba ya kashe makulli, wutar fulogi takan ɗauke nan take, famfon kuwa ya ci gaba da feshi har sai injin ya tsaya cik. Man da bai ƙone ba sai ya zurara ta jikin silinda ya tsinka baƙin mai, don haka aka shawarci masu motar su riƙa juye baƙin mai bayan kowace tafiyar kilomita 1,600.

A Amurka abin ya fi muni. Kamfanin Bendix ya ƙera wani tsari mai aiki da lantarki da ya kira Electrojector, aka sa shi a motocin kamfanin Chrysler kimanin 35 a shekarar 1958. Kayan lantarkin wancan lokaci ba su jure zafi da laima ba, motocin suka yi ta mutuwa a hanya, har aka kira kusan dukkansu aka mayar musu da kafireto. Motar Corvette ta 1957 kuwa, wadda na'urar Rochester ta ba ta ƙarfin doki 283, na'urarta tana aiki sosai idan an daidaita ta, sai dai bakanikan da suka san sirrin daidaitawar ba su da yawa. Masu motoci da dama suka gaji, suka sa aka kwance ta aka jefa a lungun gareji. Abin mamaki, irin waɗannan na'urori da aka yasar su ne masu tara tsofaffin motoci ke nema ido rufe a yanzu, suna biyan maƙudan kuɗi.

Misalin Ingila ya fi kusa da halin ƙasar Hausa, domin zafi ne ya tona asirinsa. Motar Triumph TR5 ta 1967, da TR6 da ta gaje ta, sun zo da na'urar kamfanin Lucas, wadda ta ba injin ƙarfin doki 150, alhali 'yar'uwarta TR250 da aka sayar a Amurka da kafireto biyu ba ta wuce doki 111 ba. Na'urar tana buƙatar matsin da ya kai kusan ninki bakwai na matsin iskar sarari, kuma famfon lantarkin da ke samar da shi yakan yi zafi. Idan rana ta take, ga tanki ya yi ƙasa, sai man ya soma zama tururi a cikin famfon, motar ta shaƙe ta tsaya, ba ta tashi sai ta huce. Mai karatu zai iya ƙiyasta yadda irin wannan mota za ta kasance a hanyar Wudil zuwa Gaya a watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40. Daga baya masu irin motar suka gano cewa sauya famfon da na Bosch da gyara hanyar dawowar mai suna magance yawancin matsalar. Ashe ɓangare ɗaya ne mai rauni, aka yi wa tsarin gaba ɗaya kuɗin goro.

To, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai hujja daga nahiyar Afirka da ke nuna cewa tun a wancan zamani injekta tana iya jure wahala idan ta sami mai kula. Kamfanin Peugeot, wanda motocinsa suka zama 'yan gida a Arewa tun kafin a buɗe masana'antar harhaɗa su a Kaduna a 1975, ya soma sa famfon Kugelfischer a wasu samfuran 404 tun 1962, ƙarfin injin ya tashi daga doki 72 zuwa 85. Motar 404 ta lashe gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka a 1963 da 1966 da 1967 da 1968, kuma nasarori ukun ƙarshe da mai injekta aka same su. Wannan gasa ta dubban kilomitoci ce a cikin ƙura da taɓo da duwatsu, har a 1968 motoci bakwai kacal suka kai ƙarshe. Na'urar da ta tsallake wannan siraɗi ba za a kira ta rarrauna ba. Abin da ta samu a can shi ne tataccen mai da hannun ƙwararru.

Hujja ta biyu tana tsaye a bakin karar Wudil kowace Juma'a. Babu injin gas, wato dizal, da ke da kafireto. Kowace tirela da kowace tarakta da babban injin ba da wuta, duk da famfo da nozul suke fesa mai, a kan matsin da ya ninka na motar fetur sau da yawa, kuma tun 1927 kamfanin Bosch ke ƙera irin wannan famfo don kasuwa. Direban da ke cewa injekta ba ta da amana shi ne kuma ke ɗora shanun miliyoyin naira a kan motar da feshi ne ranta, ya nufi Legas ko Fatakwal hankalinsa kwance. Dalili kuwa shi ne an daɗe da samun masu gyaran famfo da nozul a Kano, sana'ar ta zauna, yara sun koya daga iyayen gidansu. Inda ilmin gyara ya samu, tsoro ya kau.

Motar fetur mai injekta ba ta yi wannan sa'a ba. Ta shigo da yawa ne a shekarun 1990, cikin motocin hannu da ake sayowa ta Kwatano, a daidai lokacin da ƙarancin mai ya addabi ƙasar nan. Layin gidan mai yakan kai kwana da kwanaki, mutane suka koma wa 'yan bumburutu, ana ɗura mai daga galan da jarka, wani da ruwa, wani da tsatsa, wani an sirka shi da kananzir. Ga kuma dalma da ake zuba wa fetur a wancan lokaci, wadda ke kashe na'urar da ke shinshinar hayaƙi a bututun salansa ta gaya wa birenbos ya ƙara mai ko ya rage. Sai a farkon 2006 aka kammala daina sayar da fetur mai dalma a ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara. Bakaniken da aka kawo wa irin wannan mota bai taɓa ganin cikinta ba, ba shi da na'urar awo, ba shi da littafinta, kayan gyaranta kuma sai an aika Legas. Mai mota yana tsaye a kansa yana son ya fita haya gobe. Idan ya ɗaura kafireton da ya sani, ba za a kira shi jahili ba, domin ya yi abin da halin da yake ciki ya ba shi ne. Kuskuren shi ne mayar da dabarar fita kunya ta zama hukunci na dindindin a kan na'urar.

Zamani ya riga ya yanke hukunci a kan kafireto. Daga ƙoƙarin Bendix da ya faɗi ne Bosch ya gina tsarin D-Jetronic da ya fito a motar Volkswagen 1600 a 1967, aka sami K-Jetronic a 1973, sannan Volvo ya fara amfani da na'urar shinshinar hayaƙi a 1976. Zuwa farkon shekarun 1990, dokokin hana gurɓata iska sun kori kafireto daga sababbin motoci a Amurka da Yammacin Turai. Yau kusan duk ƙaramar motar da ke tsallaka gadar Wudil mai injekta ce. Sai dai tsohon zargin bai mutu ba, riga kawai ya sauya. Har yanzu akan cire na'urar da ke daidaita zafin ruwan lagireto da sunan ƙasar nan ba ta sanyi, alhali idan injin bai kai zafin da aka tsara masa ba, birenbos yakan ɗauka har yanzu safiya ce, ya ci gaba da ƙara mai. Akan haɗa fankar lagireto kai tsaye ta yi ta juyawa, abin da ke ƙara wannan matsala. Fitilar gargaɗi idan ta kama a gaban direba, akan cire ƙwanta ko a liƙe ta. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana nufin litocin mai da ke fita ta salansa ba su yi aikin komai ba. A da, lokacin da mai ke da araha, ana iya kau da kai. Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, wannan asara daga kuɗin cefanen direba take fita, daga nan ta hau kan kuɗin motar fasinja.

Gyaran yana da fuska biyu. Ta farko ita ce ingancin mai. Abin da ya faru a watan Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Beljiyam har ya lalata motocin jama'a, ya nuna cewa gurɓataccen mai ba tarihi ba ne. Wajibi ne hukumomin da ke sa ido su riƙa awon mai a gidajen mai na garuruwa irin su Wudil, kada binciken ya tsaya a manyan birane. Shi ma mai mota da nasa: sauya matacin mai a kan lokaci, da daina tafiya da tanki a ƙasa, domin man da ke cikin tanki shi ne ke sanyaya famfon da ke nutse a ciki.

Fuska ta biyu ita ce ilmi, kuma a nan Wudil ta fi garuruwa da yawa dama. Garin yana da kwalejin koyon sana'a ta gwamnati, yana kuma da jami'ar kimiyya da fasaha wadda ta fara aiki a 2001, aka sa mata sunan Aliko Ɗangote a 2022. Tsakanin ɗakunan gwajin tsangayar injiniya da garejin bakin titi tafiyar 'yan mintoci ce, amma abin da ake koyarwa a can bai cika isowa nan ba. Babu abin da zai hana a shirya gajeren horo da harshen Hausa, da yamma ko a ƙarshen mako, tare da ƙungiyar bakanikai, a koya musu auna matsin mai, da gwada na'urorin shinshina, da karanta abin da birenbos ke faɗa ta na'urar bincike. Ɗaliban injiniya su ma za su ƙaru, domin bakaniken da ya shekara talatin a ƙarƙashin mota ya san abin da ƙurar hunturu ke yi wa inji fiye da yadda littafi ya bayyana. Motoci masu aiki da iskar gas da masu fesa mai kai tsaye cikin silinda, irin dabarar nan ta 300 SL, sun riga sun shigo kasuwa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Idan ba a horar da masu gyaransu tun yanzu ba, su ma za a kwance musu kaya a jefa a lungu, a ce ba motocin talaka ba ne.