Venis: Manyan jiragen ruwa sun ƙaura, wahalar hanya ta koma kan fasinja

Tun daga ranar 1 ga watan Agustan shekara ta 2021 gwamnatin Italiya ta haramta wa manyan jiragen ruwan 'yan yawon shaƙatawa ratsawa ta tsakiyar birnin Venis. Matakin ya samu yabo daga masu fafutukar kare muhalli da kayan tarihi, to amma kuma ya dagula tafiyar da a da ba ta wuce ta mintoci kaɗan ba, wato daga filin jirgin sama zuwa otal, da kuma daga otal zuwa bakin jirgin ruwa.

Kafin wannan doka, sha'anin yana da sauƙi. Fasinja zai sauka a filin jirgin saman Marco Polo, wanda ke da tazarar kimanin kilomita 13 daga ƙofar tsohon birnin, ya hau tasi ko bas, cikin minti ashirin zuwa talatin yana tashar Marittima, inda jirginsa ke jiransa. A shekara ta 2019 kaɗai fasinjoji kimanin miliyan 1 da dubu 600 suka bi ta wannan tasha, kuma mafi yawansu daga nan ne suke fara tafiyar ko kuma su kammala ta. Wannan shi ne dalilin da ya sa masu otal-otal da direbobi da 'yan dako suka ɗauki tashar tamkar gonar da suke ci daga gare ta.

Abin da ya kai ga haramcin

An daɗe ana kai ruwa rana a game da jiragen. Bayan kifewar jirgin Costa Concordia a gaɓar tsibirin Giglio a watan Janairun 2012, hatsarin da ya yi sanadiyyar mutuwar mutane 32, gwamnati ta fitar da dokar hana jiragen da suka zarce tan dubu 40 bi ta gaban dandalin San Marco, sai dai an jingine aiki da ita har sai an samo wata hanyar, kuma shekaru suka shuɗe ba a samo ba. A ranar 2 ga watan Yunin 2019 jirgin MSC Opera ya ƙwace wa matuƙansa a mashigin ruwan Giudecca, ya afka wa gaɓa da wani ƙaramin jirgin fasinja, inda wasu mutane suka jikkata. Hotunan wannan hatsari sun zagaya duniya.

Amma abin da ya tilasta wa gwamnatin Mario Draghi ɗaukar mataki shi ne barazanar da hukumar UNESCO ta yi a 2021, ta sanya Venis a jerin wuraren tarihin da ke cikin haɗari. Dokar da aka zartar a watan Yulin wannan shekara ta shafi duk wani jirgin da ya haura tan dubu 25, ko tsawonsa ya wuce mita 180, ko bisansa ya zarce mita 35. A taƙaice, ba wani babban jirgin yawon shaƙatawa na wannan zamani da ya tsira.

Suna Venis, tasha wani gari

Kamfanonin jiragen sun rarrabu. Wasu, irin su MSC, sun ci gaba da shiga tafkin da birnin ke ciki, amma suna tsayawa ne a Marghera, wani yanki na masana'antu da kwantenoni da ke kan tudu. Kamfanin Royal Caribbean ya karkata zuwa Ravenna, inda ya samu izinin ginawa da gudanar da sabuwar tasha a Porto Corsini. Wasu kuma suka nufi Trieste, kusa da iyakar Sloveniya.

Duk da haka sunan Venis bai ɓace daga tallace-tallacen kamfanonin ba. Akan rubuta shi ne da manyan baƙi, sa'annan a saka Ravenna ko Trieste a cikin baka. Wannan ba sabuwar dabara ba ce a sana'ar, domin haka ake sayar da tafiya daga Civitavecchia da sunan birnin Rum, ko daga Southampton da sunan London. Abin lura shi ne tazarar. Daga Venis zuwa Ravenna akwai kimanin kilomita 145, a kan wata hanya mai cunkoson manyan motoci da ake kira Romea, tafiyar da kan ci sa'o'i biyu zuwa biyu da rabi. Zuwa Trieste kuwa kusan kilomita 160 ne, wato dai kwatankwacin nisan Kano da Zariya. Mai son bin jirgin ƙasa zuwa Ravenna galibi sai ya yi canji a Ferrara ko Bologna, kuma ko ya isa garin, da sauran tafiyar sama da kilomita 10 kafin ya ga jirginsa. A haƙiƙa filin jirgin saman Bologna ya fi kusa da Ravenna, amma mutane da dama kan sayi tikitin Venis ne saboda sunan da suka gani a takardar tallar.

Hatta waɗanda jirginsu ke Marghera ba su huta ba. Da yake wurin na lodin kaya ne, ba a barin fasinja ya shiga da kansa. Tsarin da aka fi bi shi ne ya je tsohuwar tashar Marittima a tantance takardunsa, a karɓi akwatunansa, daga nan a kwashe su a motocin safa. Sakamakon haka mutumin da ya sauka a filin jirgin sama, wanda ke kan tudu, sai ya tsallaka gadar nan mai tsawon kusan kilomita 4 ya shiga tsibirin, sa'annan a sake tsallakowa da shi ta gadar zuwa tudun da ya baro.

Batun otal ma yana da nasa ƙullin. Mota ba ta wuce dandalin Piazzale Roma, tsohon birnin kuma yana da gadoji fiye da 400, mafi yawansu masu matakala. Dattijon da ya kama ɗaki kusa da San Marco, ɗauke da akwatunan mako guda, ko dai ya biya tasin ruwa kuɗin da kan haura Yuro 100, ko ya yi ta cusa kai a jiragen haya na jama'a. Wannan ya sa da yawa ke gwammace kwana a Mestre, ɓangaren birnin da ke kan tudu.

Wa ke ɗaukar asara?

A nan ne batun ya wuce na gajiya kawai. Jirgin ruwa mai ɗauke da mutum dubu uku ko huɗu ba ya jiran wanda ya makara, kuma akan rufe ƙofar shiga tun kafin lokacin tashi. A da, jinkirin sa'o'i biyu a jirgin sama abu ne da fasinja ke iya shanyewa. A yanzu sa'o'i biyun nan hanya ce ke cinye su. Italiya kuwa ƙasa ce da yajin aikin ma'aikatan sufuri ba baƙon abu ba ne, kuma sau da yawa yakan faɗo ranar Juma'a, jajibirin ranakun da jiragen suka fi tashi. Kazalika matsalar manhajar kamfanin CrowdStrike, wadda ta haddasa soke tashin dubban jiragen sama a duniya ranar 19 ga watan Yulin 2024, ta faru ne ranar Juma'a a tsakiyar lokacin hutu.

Dokar Ƙungiyar Tarayyar Turai ta 2015 kan tafiye-tafiyen da ake sayarwa a dunƙule ta ɗora alhaki ne a kan kamfanin da ya shirya tafiyar, matuƙar a wurinsa aka sayi tikitin jirgin sama da na ruwa a haɗe. Wanda kuwa ya sayi kowanne daban domin neman rangwame, diyyar jinkirin jirgin sama da doka ta tanadar masa ba ta wuce Yuro 250 zuwa 600 ba, kuma ba ta shafi kuɗin jirgin ruwan da ya tafi ya bar shi ba. Sai dai ya bi shi da kuɗin aljihunsa zuwa tasha ta gaba. Ga matafiyin da ke riƙe da fasfon Najeriya ko Nijar, bin sawun ma yana da sharaɗi, domin wasu tasoshin da ke kan hanyar, irin su Kotor ta ƙasar Montenegro, ba sa cikin yankin Schengen.

Bisa ga dukkan alamu kamfanonin ba su yi asara a wannan fanni ba, tun da motocin jigilar da suke samarwa yawanci na kuɗi ne, kuma tsoron makara kan sa fasinja ya biya ba tare da ciniki ba.

Ko Venis ta ci riba?

Amsar ba ɗaya ba ce. Dandalin San Marco ya rabu da inuwar jiragen da suka fi gine-ginensa tsayi, amma jiragen da ke zuwa Marghera har yanzu suna shiga tafkin ne ta mashigin Malamocco, wanda aka haƙa a shekarun 1960 domin jiragen dakon mai. Ƙungiyar No Grandi Navi, wadda ta jagoranci zanga-zangar ƙin jinin jiragen, na ganin igiyar ruwan da suke tayarwa na ci gaba da zaizaye ƙasan tafkin, shi ya sa take adawa da shirin ƙara yashe hanyoyin. Tashar da aka yi alƙawarin ginawa a wajen tafkin, wadda aka buɗe gasar zana ta a 2021, har yau ba ta samu ba.

Cunkoson jama'a ma bai gushe ba, domin wanda ya zo daga Amurka ko Asiya ba zai koma gida bai ga Venis ba. Bambancin kawai shi ne da yawa na zuwa ne a mota, su wuni su koma. Hukumomin birnin, wanda mazauna tsakiyarsa suka ragu daga kimanin dubu 175 a 1951 zuwa ƙasa da dubu 50 a 2022, sun fara karɓar Yuro 5 daga masu ziyarar wuni guda a watan Afrilun 2024, a wasu keɓaɓɓun ranaku, tare da ɗauke wa masu kwana a otal-otal ɗin birnin wannan haraji.

Wasu biranen Turai sun kama irin wannan hanya. A watan Oktoban 2023 Barcelona ta rufe wa jiragen wata tasha da ke dab da tsakiyar gari, kuma a watan Yulin 2025 ta cimma yarjejeniyar rage tasoshinta daga bakwai zuwa biyar nan da shekara ta 2030. Ita ma Amsterdam ta bayyana aniyar ɗauke tasharta, wadda ke kusa da babbar tashar jirgin ƙasa ta birnin, nan da shekara ta 2035.