Dambu a Gaban Baƙo

Wata ya kai kwana 25, albashi ya daɗe da ƙarewa, sai ga saƙo daga Damagaram cewa abokan maigida uku, waɗanda suka yi lekol tare, za su yada zango a Maraɗi kan hanyarsu ta zuwa Yamai, kuma a gidansa za su ci abincin dare. Uwargida ta leƙa ɗakin ajiya ta ce: "Malam, akwai hatsi, akwai man gyaɗa, ga kuma zogala a bayan ɗaki. Bari a yi musu dambu." Maigida ya ɓata rai ya ce: "Haba! Manyan mutane za a ajiye wa dambu?" Ya saɓa babbar riga ya nufi mai kanti, ya karɓo bashin shinkafa da taliya, ya biya ta wurin mai kaji. Aka ci, aka yi santi, baƙi suka wuce da asuba, bashi kuwa ya zauna yana jiran sabon wata. Duk wanda ya san gidajen ma'aikata da na ƙananan ƴan kasuwa ya san wannan labari, ko da sunan gari ya sake.

Kunyar nan tana da asali. Shekarun yunwa, wato 1973 zuwa 1974, da 1984 wadda mutanen karkara ke kira El Buhari, da kuma 2005, sun bar wa jama'a tabo. A waɗannan shekaru iyalai da yawa sun rayu da tafasa da yaɗiya da anza, ana ɗan barbaɗa musu tsaki don a ruɗi ciki. Wanda ya tashi a cikin wannan hali, ya yi karatu ya samu aiki, ko ya yi fatauci ya samu jari, sai ya ɗauki duk abincin da ganye ya yi wa yawa a matsayin alamar babu, farar shinkafa kuma alamar an samu.

Amma shinkafar tana da nata sharaɗi. Wadda ake nomawa a bakin kogin Kwara, wajen Tillaberi da Gaya, ba ta isar ƙasa, mafi yawan wadda ake ci daga Asiya take zuwa, ta sauka a tashar jirgin ruwa, ta hau mota ta yi tafiyar fiye da kilomita 1000. Saboda haka duk abin da ya girgiza duniya sai ya girgiza tukunya. Ranar 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 ya koma sefa 100, wato daga dala 10 zuwa dala 20, kayan waje suka yi tashin gwauron zabo, a daidai zamanin da ma'aikata ke bin gwamnati bashin albashi na watanni. A watan Yuli 2023 ƙasar Indiya ta hana fitar da wani babban kashi na farar shinkafarta, a ƙarshen watan kuma ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi wanda ba a ɗage ba sai Fabrairu 2024. Magidanta ba su manta da abin da buhu ya kai a lokacin ba. Hatsi shi ma yakan yi tsada, musamman daga bazara zuwa tsakiyar damina, sai dai a gonakin ƙasar nan yake fitowa, kuma mai hankali yakan saye shi da kaka ya ajiye. Nijar tana cikin ƙasashen da suka fi kowa noman hatsi a duniya, a bayan Indiya, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2023 don girmama shi da danginsa.

Ga yadda gwanayen mata ke yin dambun da zai ishi mutum bakwai ko takwas. A auna rabin tiya na hatsi, a surfa, a wanke, a baza ya sha iska, sannan a ɓarza a turmi ko a inji. A tankaɗe, garin ya tafi ga kunun yara, tsakin ya zauna. A rege tsakin da kyau, domin tsakuwa ɗaya a haƙorin baƙo ta isa ta ɓata aikin wuni. A tsane shi a bar shi ya ɗan jiƙa.

A ɗora tukunya da ruwa, a aza madambaci a kanta, a liƙe mahaɗarsu da jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta ko da ƙullun gari, don kada tururi ya gudu ta gefe. A zuba tsakin ba tare da an danna shi ba, a rufe. Idan tururi ya keto ta sama, a ƙara masa kamar minti 20, a juye a babban kwano, a yayyafa ruwa kaɗan kaɗan ana murjewa har ya warware. Wannan shi ne turarawar farko.

Kafin nan an riga an tsinke zogala, wadda wasu ke kira tamakka, an fitar da itatuwanta, an tafasa ta har ɗacin ya ragu, an matse. Busasshiya ma tana yi, sai dai a jiƙa ta tukuna, kuma a fi daɗewa ana dafa ta. Ma'aunin da ya fi daɗi shi ne ganye ya kusa kai tsaki yawa. A haɗa su, a yanka manyan albasa biyu na Galmi a ciki, a sa gishiri, a mayar cikin madambaci a sake turarawa kamar rabin awa. Alamar nuna ita ce a murza tsakin tsakanin yatsa biyu a ji ba ya da ƙwaya a ciki.

Saura mai. A soya wasu albasa biyu a cikin rubu'in lita na man gyaɗa har su yi ja, a kwarara a kan dambun tun yana da zafi, a juya. A daka ƙuliƙuli da jan tattasai na Difa da citta da ɗan masoro, a barbaɗa rabi, a kawo sauran a ƙaramin kwano kowa ya ƙara yadda yake so. Hausawa sun ce in dambu ya yi yawa ba ya jin mai, kuma maganar gaskiya ce tun daga madafa: gara a yi daidai bakin masu ci, ya ji mai ya ji yaji, da a cika kwano da gayan tsaki. Dunƙulen ɗanɗano guda ɗaya ya isa, tun da yawancin nauyinsa gishiri ne, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a wuni. Masu hawan jini su kula da wannan.

Wanda yake da hali ya ajiye gasasshiyar zabuwa a gefe, ko ɗan kilishin Madawa, ko dafaffen ƙwai. Wanda ba ya da shi, dambun ya wadatar, domin hatsi ya kawo ƙarfi, ƙuliƙuli ya tsaya a madadin nama, zogala kuma tana ɗauke da sinadaran da ke ƙara jini da ƙarfafa ƙashi da gyara gani. A Yamai da Doso akan yi shi da tsakin masara ko ɓarzajjiyar shinkafa, kuma da rana ana ganin ma'aikata sun fito daga buro sun yi layi gaban masu sayar da shi. Abin mamaki, mutumin da ya ci shi a bakin titi da azahar shi ne ke jin kunyar a kawo shi gaban baƙonsa da dare.

Akwai magana guda da maza ya kamata su ji. Shinkafa ta ci kasuwa ne har da dalilin sauƙi: a wanke a zuba a ruwa. Dambu kuwa yana cin surfe da ɓarza da tankaɗe da turarawa biyu, duk a wuyan mace, wadda wataƙila ita ma daga aji ko daga asibiti ta taso. Maigidan da ke son dambu sai ya biya kuɗin inji, ya sayi madambaci mai kyau, ya bari a ɓarza tsakin mako biyu a shanya a ajiye. A nan kuma ƴan kasuwa ke da rabo. Ƙungiyoyin mata sun daɗe suna ƙulla tsaki da busasshiyar zogala a leda, manoman Jiratawa da na gulbin Maraɗi suna tsinkar ganyen rani da damina. Kantin da ya jera taliyar waje iri goma bai rasa wurin da zai jera waɗannan ba, kuma kuɗin da aka kashe a kansu a ƙauyukan ƙasar nan yake kwana.

Magabata sun ce baƙonka annabinka, sun kuma ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Abokin da ya taso tun daga Damagaram ya zo ganin lafiyar iyali ne, kuma zai fi son ya tafi ya bar mai masaukinsa ba bashi. Idan uwargida ta sake cewa a yi dambu, maigida ya ce to, ya aiki yaro ya sayo albasa.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya sa wa tukunyar kowa yalwa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai rai.