ZAMAN IYALI: Jinjiri ya zo, kada a manta da yayansa

In an yi haihuwa a gida, kowa na murna. Ungozoma ta yanke cibi, ana dama kunun kanwa, maigida na neman ragon suna. Mata na shiga ɗaki suna yi wa mai jego barka. Amma a bakin ƙofa akwai wani yaro ɗan shekara 2 ko 3 da ba a kula da shi ba. Jiya shi ne a bayan uwa, yau an ce ya matsa. Shi ne yayan jinjiri, namiji ko mace. Jinjiri na da nono, yana da goyo. Yayansa shi ne ke cikin haɗari.

Yaye

Wahalarsa takan fara tun kafin haihuwa. In mace ta yi kwanika, wato ta sami ciki tana goyo, sai a ce nononta ya ɓaci. A shafa wa nono abu mai ɗaci, a kai yaro wurin kaka rana ɗaya. Yaro ya rasa nono, ya rasa uwa, sai ya ƙi cin abinci. Ma'aikatan lafiya sun tabbatar ciki ba ya ɓata nono. Uwa na iya ci gaba da ba shi, muddin ita ma tana ƙoshi. In za a yaye, a yi sannu sannu: a rage nono, a ƙara kunu. Alƙur'ani mai girma ya ambaci shekara 2 ta shayarwa. Likitoci ma sun ce ya fi kyau a sami tazarar shekara 2 tsakanin haihuwa da wani ciki.

Cimaka

Cikin yaro ƙarami ne, tuwon dare da hurar rana ba su isarsa. Yana bukatar ci sau 5 a yini. A ba shi ƙwaryarsa shi kaɗai, don in ya sa hannu tare da manyan yara za su cinye kafin ya yi loma uku. Kunun hatsi zalla ba ya gina jiki. A zuba masa garin ƙuli-ƙuli ko na wake, da cokali ɗaya na man gujiya. Makiyayi ya ware masa madara kafin a kai kasuwa, a tafasa ta. A ba shi ƙwai da ganyen zogale. Ran suna ma a tuna da shi wurin rabon nama.

Alamun tamowa

Mutanen Maraɗi ba su manta da 2005 ba, shekarar da tamowa ta cika gidajen likita da ƙananan yara. Tamowa na shiga a ɓoye. Yaro ya rame, gashinsa ya yi ja, ya daina wasa. Akwai zaren awon dantse mai launi uku, na yara daga wata 6 zuwa shekara 5. In ya nuna tsanwa, lafiya lau. In ya nuna rawaya, a je likita. In ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, a tafi a ranar. A kuma danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa, a ƙidaya uku. In wurin ya loɓa bai taso ba, kumburin tamowa ne, ba ƙiba ba.

A 2006 gwamnati ta yi dokar duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Ranar da za a kai jinjiri awo, a tafi da yayansa da katinsa, a duba ko an yi masa allurar ƙyanda ta biyu. Da damina ana rabon maganin rigakafin masassarar cizon sauro wata wata, nasa ma na ciki. In uwa da jinjiri sun shiga sange, shi ma a sama masa wuri.

Kishi

Yaro zai yi kishi. Wani ya koma fitsarin kwance, wani ya ce sai an goya shi, wani ya mintsini jinjiri. Duka ba ya maganin wannan, ƙara shi yake yi. Abin da yake tsoro shi ne an daina sonsa. Uwa ta zaunar da shi kusa da ita in tana ba da nono, ta ce: "Ga ƙanenka, taɓa shi a hankali." A aike shi ya miƙo zanen goyo, a sa masa albarka. Ko ɗan fari ne da ake jin kunyarsa, kunya ba ta hana a ciyar da shi, a lallashe shi.

Amma kada a bar su su biyu a ɗaki. Yana iya tura wa jinjiri tuwo a baki, ko ya rufe masa fuska da zane, shi a ganinsa alheri yake yi. Jinjiri nono kaɗai yake sha har wata 6, ko ruwa ba a ba shi. Tukunyar ruwan wankan jego kuma a kawar da ita daga hanyar yaro, don ƙuna ba ta da wuya.

Aikin maigida

Kwana 40 na jego, hannun uwa a cike yake. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kaka, ko gwaggo, ko abokiyar zama, ta ɗauki nauyin wankan yaro da abincinsa. Maigida ya tambaya kowace safiya: "Yaron nan ya ci?" In ya dawo daga gona ya ɗauke shi, ya zauna da shi a tabarma. Makiyayin kirki ba ya sakin maraƙin bara don saniya ta sake haihuwa.

Wanda ya karanta wannan a ajin yaƙi da jahilci, ya karanta wa iyalinsa da maƙwabta. Allah ya raya jinjiri da yayansa. Sai wata mai zuwa.