«Kashe antibiris ɗin, ƙarya yake yi»

Ƴan uwa, duk wanda ya taɓa kai ordinatar wurin mai gyara a Maraɗi ko Damagaram ya san wannan maganar. Za a sa maka Office ko Photoshop na bayan fage, antibiris ya fara kuka, sai a ce maka: «Kashe shi minti biyar, ƙarya yake yi.» Ni dai maganar nan ta ishe ni.

E, antibiris yana kuskure. A watan Afrilu na 2010, McAfee ya ɗauki wani fayil na Windows XP kansa a matsayin cuta, dubban ordinatoci suka tsaya cik. Amma kirak daban ne. Aikinsa ke nan fasa ƙofa, ba ka san wanda ya haɗa shi ba, kuma da hannunka ka ba shi ikon mai gida a kan injinka. In ya ɓoye ɓarawon lambobin sirri a ciki, wa zai faɗa maka, tunda ka rufe bakin mai gadi? Memuwar ɗinka na ciki, hotunan iyali na ciki, wasu ma har sunaye da lambobin ƴan ƙungiyarsu.

Sai batun lisans. Na san sayen na gaskiya yana son katin banki, ɗalibai nawa ke da shi? Shi ya sa ake sayen kod mai araha a WhatsApp. Kod guda an sayar wa mutane da yawa, kamfanin ya gano ya toshe, mai sayarwa ya daina ɗaukar waya.

Abin takaici, Windows 10 da 11 suna zuwa da nasu mai gadi, Microsoft Defender, kyauta, ba kod ba komai. Da zarar an ɗora wani antibiris, sai ya ja gefe. Wato ka biya kuɗi an sallami mai gadin halal, an kawo na jabu. Ku bar Defender ya yi aikinsa, ku dinga sabunta shi ko da megas sun yi tsada.

In kuma kana zaton ƙarya aka yi wa wani fayil, ɗora shi a VirusTotal, antibiris sama da 60 su duba. In ɗaya ko biyu suka yi kuka, wataƙila kuskure ne. In talatin ne, goge shi. Amma kada ka ɗora takardunka na sirri a can, don abin da aka ɗora wasu suna iya ganinsa.