Kaka Ta Yi, Ya Kamata Magidanta Su Fita Da Iyali Kallon Ƙasa

Ruwan sama yana ɗaukewa a ƙasar Kano wajen farkon watan Oktoba. Daga nan zuwa tsakiyar Nuwamba akwai 'yan makonni da ba su fi shida ba, waɗanda a cikinsu ƙasa take fito da kyawunta duka. Dawa ta nuna, shinkafa ta yi ruwan zinariya a fadamu, gamba ta fid da kai, sararin sama kuma ya washe tun da hazon hunturu bai sauko ba tukuna. Abin takaici shi ne mafi yawan mazauna birni, musamman yaran da aka haifa a unguwanni irin su Ƙauyen Alu da Gyadi-Gyadi da Tarauni, kaka takan zo ta wuce ba su san ta zo ba, sai dai su ji an ce farashin hatsi ya sauka a Dawanau.

A wasu ƙasashe wannan lokaci babban al'amari ne. A arewa maso gabashin Amurka da Kanada da Japan, idan rana ta fara gajarta kuma sanyi ya kama, sinadarin da yake sa ganye ya yi kore yakan lalace, sai launin rawaya da ke ɓoye ya bayyana, wasu itatuwan kuma su yi ja wur kafin su kaɗe. Jama'a sukan yi shiri tun da wuri su fita da iyalinsu don su gani. Amurka ma har wata hanya ta musamman ta gina saboda kallon ƙasa, watau Blue Ridge Parkway, wadda aka fara aikinta a 1935, tsawonta kuwa mil 469 ne. Garuruwan da ke bakin irin waɗannan hanyoyi suna cin abinci da baƙin da kaka take kawo musu.

Itatuwan ƙasar Hausa ƙarancin ruwa ne yake sa su zubar da ganye, saboda haka launinsu bai kai na can kaifi ba. Amma suna da nasu abin mamaki. Kuka takan kaɗe ganyenta ƙaf, ta tsaya da rassa tsirara da 'ya'ya suna reto. Rimi shi ma yakan biyo bayanta. Gawo kuwa saɓanin kowa yake yi: duk damina yana tsaye kamar busasshe, da ruwa ya ɗauke sai ya yi kore shar. Don haka ne manoma suke barinsa a tsakiyar gona, domin ba ya tare wa shuka rana, ganyen da ya zubar ya zama taki, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani. Can kudu, inda daji ya fi kauri, gurjiya takan fid da jan fure bayan ta rabu da ganye. Yaron da ya ga waɗannan da idonsa ya sami darasin da allon makaranta ba zai ba shi ba.

Mutanen Ƙauyen Alu da maƙwabtansu ba su da uzurin nisa, gama Titin Zariya a bakin ƙofarsu yake, tashar Unguwa Uku kuma da ƙafa ake zuwa. Tafiyar tana iya kasuwa kashi uku, gwargwadon ƙarfin aljihu da lokaci.

Ta farko ita ce ta rabin yini. A wuce Na'ibawa, a haye gadar Tamburawa, a isa Kura da Kadawa, inda hanyoyin ruwan noman rani suka ratsa gonakin shinkafa. A wannan lokaci ana yanka ana bugu, ana kuma gyaran fangali domin alkama da tumatir. Ta biyu ita ce ta yini guda, zuwa Bagauda da Tiga, tafiyar kamar kilomita 70 daga birni. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako, a ƙarshen damina ne take cika, duwatsun da ke kewaye da ita kuma suna nan da sauran ɗanyen haki. Ruwan da yake shayar da gonakin Kadawa daga nan yake fitowa, kuma ya kamata yaro ya san haka. Ta uku ita ce doguwar: a karya a Kwanar Ɗangora, a bi ta Tudun Wada, a ratsa dajin Falgore a kan hanyar Jos, har zuwa duwatsun Riruwai a ƙaramar hukumar Doguwa, inda aka daɗe ana haƙar kuza. A nan ne ake ganin doka da maje da kaɗanya da marke a tsaye cikin daji, irin yadda kakanni suka san su.

Sai dai tafiya ba a yinta da ka. Kaka lokacin zirga-zirga ne, manyan motoci ɗauke da hatsi sun cika hanya, manoma sun shanya amfanin gona a gefen kwalta, garken shanu kuma suna tsallakawa. Wajibi ne magidanci ya kai motarsa wurin makaniki tun ana jibi, a duba birki da tayoyi da fitilu da ruwan lagireto, a tabbatar safaya tana da iska. A tashi bayan sallar Asuba, a shirya komowa gida kafin Magariba, domin tuƙin dare a wannan hanya ba na mai iyali ba ne. A ɗauki ruwan sha isasshe, da guzuri, da tabarma, da buta. Idan za a tsaya kallo, a sauka daga kan kwalta sosai, kada a bar yara su buɗe ƙofar da ke ɓangaren titi.

Akwai kuma haɗurran da ɗan birni yakan manta da su. Lokacin girbi macizai, musamman kububuwa, sukan fake ƙarƙashin dami da tarin kara, saboda haka takalmi rufaffe ya fi silifa, kuma kada yaro ya zura hannu a rami ko ƙarƙashin dutse. Ruwan madatsa da na hanyoyin ban ruwa yana da zurfi da ƙarfi fiye da yadda ido yake gani, ga kuma cutar tsargiya da ake ɗauka daga wanka a cikinsa. Kallo daga baki ya isa. Har ila yau, gona tana da mai ita. Ba daidai ba ne baƙo ya kutsa ya karya rake ko ya tsinki tumatir ba izini. Sallama da gaisuwa, da sayen ɗan abin da manomi ya kasa a bakin hanya, su ne suke sa a yi maraba da wanda zai zo gobe.

Batun Falgore yana bukatar magana ta gaskiya. An sha fama da ɓarayin shanu da 'yan fashi a dajin, har ta kai a 2017 aka ware wani sashensa ya zama filin atisayen soja. Duk wanda zai bi hanyar ya fara tambayar direbobin da suke binta kullum da kuma hukumomin tsaro, ya bi ta da rana tsaka, kada kuma ya saki babbar hanya ya shiga daji ba tare da ma'aikatan gandun ba. Idan labari bai yi daɗi ba, Tiga ta isa.

Wasu za su ce tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, wanda yake neman na cefane ba shi da kuɗin yawon kallon itatuwa. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, amma tana da amsa. Magidanta huɗu ko biyar na layi ɗaya suna iya haɗa kuɗi su ɗauki hayar bas guda. Makarantun boko da na Islamiyya da suka cika Tarauni suna iya sa wannan fita cikin tsarin zangon farko, maimakon kai yara gidan zu kowace shekara. Ƙungiyoyin unguwa da suke tara kuɗin kwasar shara da gyaran magudana ba za su kasa shirya tafiyar yini ɗaya a shekara ba.

Dalilin da ya sa abin ya wuce nishaɗi shi ne itatuwan suna ƙarewa. Kowace safiya motocin itace da buhunan gawayi suna shigowa birni ta wannan Titin Zariya, kuma kowane lodi gurbi ne da aka bari a daji. Waɗanda suka ga farin 1973 sun san abin da ƙasa take zama idan ta tsiraita. An ƙaddamar da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ta Afirka a 2007, Kano kuma tana cikin jihohi 11 da shirin ya shafa a Nijeriya, amma dashen gwamnati ba ya rayuwa inda jama'a ba su san darajar itace ba. Yaron da ya girma bai iya bambanta ɗorawa da kaɗanya ba, ba zai damu ba ranar da aka sare ta ƙarshe, ko da kuwa daddawa da man kaɗe suna cikin tukunyar gidansu.

Gwamnati ma tana da nata aiki. Waɗanda suka gina Tiga da Bagauda sun haɗa da masaukin baƙi domin sun hango cewa jama'a za su so zuwa. Otal ɗin Bagauda ya zama harabar Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya, saboda haka ana bukatar wasu wuraren hutawa da za su maye gurbinsa. Abin da ake nema bai fi ƙarfin Gwamnatin Jiha da ƙananan hukumomin Kura da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa ba: wuraren tsayawa masu inuwa da ban ɗaki da wurin salla, alluna da aka rubuta sunayen itatuwa da Hausa, da 'yan rakiya daga cikin matasan ƙauyukan, waɗanda za su sami abin sawa a aljihu. Kafofin watsa labarai na jiha kuma suna iya sanar da jama'a halin da hanya take ciki kowane ƙarshen mako na kaka.

Lokacin dai gajere ne. Da zarar an shiga Disamba, hazo ya rufe duwatsu, masu farauta sun cinna wa daji wuta, abin da zai rage shi ne toka da kututture. Magidancin da yake da niyya sai ya fara shiri tun yanzu, ya yi magana da maƙwabta, a tsai da rana. Allah ya kai kowa lafiya, ya komo da shi lafiya.