Kuɗin Goron Da Ake Yi Wa Indiyawa A Ƙasashen Waje

A cikin shekarar 2023 ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da sanarwar cewa ƙasar Indiya ta shige gaban ƙasar Sin wajen yawan jama'a, watau mutanenta sun haura miliyan 1,400. A wannan shekarar kuma ƙididdigar gwamnatin Indiya ta nuna cewa mutanenta sun fita zuwa ƙasashen waje kusan sau miliyan 28. Wasu neman aiki ya kai su ƙasashen Larabawa, wasu karatu, wasu Hajji da Umra, wasu fatauci, wasu kuwa yawon buɗe ido ne kurum ya fitar da su. To, duk inda ƙafa ta yawaita, lalle surutu ma ya yawaita.

Abin da ake faɗa a kansu iri biyu ne. Masu otal-otal a Turai da Asiya suna cewa Ba'indiye ɗan yawon buɗe ido mai hayaniya ne, ba ya son bin layi, ga jayayya a kan farashin da aka riga aka yanke. 'Yan kasuwa da ma'aikata a Afirka kuwa cewa suke yi Ba'indiye mai wayo ne, mai maƙo, ba ya ba kowa babban muƙami sai ɗan'uwansa, ribar da ya ci kuma gida yake aikawa da ita. Akwai gaskiya a cikin wasu daga waɗannan koke-koke, bai kuwa kamata a rufe ta ba. Amma tarihi ya nuna cewa duk inda aka bar mai laifi aka koma yi wa al'ummarsa kuɗin goro, 'yan ƙasa ne kan sha wahalar abin daga baya.

Masu yawon buɗe ido

A watan Yuli na 2019 abubuwa biyu suka faru waɗanda suka ƙara wa wannan magana ƙarfi. A tsibirin Bali na ƙasar Indunusiya ma'aikatan wani otal suka tare wani iyali 'yan Indiya a bakin ƙofa, suka zazzage akwatunansu, suka fito da kayan ɗakin otal ɗin, aka ɗauki hoton bidiyo ya bazu duniya. A cikin watan ne kuma wani attajirin Indiya, Harsh Goenka, ya bayyana wata takarda da wani otal a garin Gstaad na ƙasar Suwizalan ya rubuta musamman don baƙi daga Indiya, yana gargaɗinsu kada su kwashi abincin karin kumallo su tafi da shi, kada kuma su ɗaga murya a farfajiya. Jaridun Indiya da kansu suka fi kowa yi wa mutanensu faɗa a kan abin da ya faru a Bali. Abin da suka ƙi yarda da shi shi ne a rubuta doka a liƙa wa mutanen ƙasa guda, a ƙyale sauran baƙi.

Wanda ya duba asalin lamarin ba zai yi mamaki ba. Sai a 1991 ne gwamnatin Narasimha Rao, da Manmohan Singh a matsayin ministan kuɗi, ta sassauta dokokin ciniki da na canjin kuɗi. Tun daga nan aka samu miliyoyin mutane masu ɗan abin hannu waɗanda iyayensu ba su taɓa riƙe fasfo ba. Da yawansu tafiyar farko ce, a ayari, da tsofaffi da yara. Da yawa kuma ba sa cin nama saboda addini, shi ya sa suke tafe da guzurinsu. Taya kaya kuwa al'adar kasuwarsu ce, kamar yadda take a Kurmi ta Kano ko Balogun ta Ikko.

Ba kuma a kansu aka fara ba. A 2013 wani yaro ɗan ƙasar Sin ya zana sunansa a jikin tsohon ginin tarihi na Luksor a Masar, duniya ta yi ca a kan Sinawa, har hukumarsu ta shiga tsara wa matafiyanta ƙa'idojin ladabi. A 2023 hukumar birnin Amstadam ta Holan ta buga talla tana roƙon samarin Ingila masu zuwa shan giya da tada hankali su yi zamansu a gida. Kowace al'umma da ta samu kuɗin tafiya sai an yi yayin zaginta.

Duk da surutun, kuɗin Indiyawa ba wanda ya ƙi shi. A ƙarshen 2023 ƙasashen Tailan da Malesiya suka ɗage musu neman biza. Ƙasar Maldibs kuwa ta ga abin da kanta. A Janairun 2024 wasu ƙananan ministocinta uku suka yi wa Firayim Minista Narendra Modi ba'a a dandalin sada zumunta, aka dakatar da su, amma Indiyawa suka shiga soke tafiya. Baƙin da suka haura 200,000 a 2023, suka fi na kowace ƙasa yawa, sai suka koma kimanin 130,000 a 2024. Sai da Shugaba Mohamed Muizzu ya je Delhi a watan Oktoba na shekarar yana neman su dawo.

Inda tambarin ɗan kasuwa ya samo asali

Batun 'yan kasuwa ya fi wannan tsufa, ya kuma fi shi haɗari, gama an zubar da jini a kansa. Bayan da Ingila ta hana bauta, sai ta shiga kwasar leburori daga Indiya bisa yarjejeniyar ƙodago zuwa gonakin rake: Morishas daga 1834, Natal ta Afirka ta Kudu daga 1860, tsibiran Fiji daga 1879. Tsakanin 1896 da 1901 an kawo kimanin 32,000 don shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Mombasa zuwa tafkin Biktoriya, kusan 2,500 suka mutu a bakin aikin. A bayansu fatake daga Gujarat suka biyo, suka kafa kantuna a garuruwan da layin dogo ya ratsa.

Turawan mulkin mallaka suka jera jama'a hawa uku: Bature a sama da mulki da manyan gonaki, Ba'indiye a tsakiya da kanti da aikin akawu, baƙar fata a ƙasa da fartanya. Talaka ba ya ganin Baturen da ya yanke farashin auduga a London. Wanda yake gani kullum shi ne mai sikeli da littafin bashi. Haka fushin da ya kamata ya hau sama ya tsaya a kan na tsakiya. A Janairun 1949 saɓani tsakanin wani mai kanti Ba'indiye da wani yaro Ba'afirke a birnin Durban ya rikiɗe ya zama tarzoma, mutum 142 suka rasa rayukansu.

A ran 4 ga watan Agusta 1972 Janar Idi Amin na Yuganda ya ba da umurnin korar 'yan Asiya, aka ba su kwana 90 su bar ƙasar, ya ce suna tatsar arzikinta. Kimanin mutum 50,000 suka fita, Ingila ta karɓi fiye da rabinsu, Kanada ta karɓi kimanin 6,000. Aka raba kantuna da masana'antu da gonaki fiye da 5,000, mafi yawa ga sojoji da 'yan barandan gwamnati. Jama'a suka yi murna. Ba a jima ba kantuna suka zama wayam, injinan sukari suka tsaya, sabulu da gishiri suka koma sai a kasuwar bayan fage. Talakan da aka ce don shi aka yi bai samu kanti ba, bai samu sukari ba. Daga bisani gwamnatin Milton Obote ta yi dokar mayar da dukiyoyin, Yoweri Museveni da ya hau mulki a 1986 ya bi su yana kiran su dawo. Iyalin Madhvani suka komo suka tayar da masana'antar sukari ta Kakira.

Laifin da yake na gaske

Wannan ba ya wanke masu laifi. 'Yan'uwan nan na gidan Gupta sun shiga Afirka ta Kudu a 1993, suka ƙulla abota da iyalin Jacob Zuma, har a 2013 jirgin 'yan bikinsu ya sauka a sansanin mayaƙan sama na Waterkloof kamar na shugaban ƙasa. Hukumar bincike ta Alƙali Raymond Zondo, wadda ta miƙa rahotonta a 2022, ta gano yadda suka sa hannu wajen naɗa ministoci da wawure kwangilolin kamfanonin gwamnati. Amma ɓarawo daga waje bai shiga sai na gida ya buɗe masa ƙofa. Indiyawan Afirka ta Kudu kuwa, waɗanda sun haura miliyan ɗaya, yawancinsu jikokin leburorin rake ne, a cikin Indiyawan ƙasar kuma aka samu Ahmed Kathrada wanda ya yi shekara 26 a kurkuku saboda yaƙi da wariyar launin fata.

Haka batun magani. A 2022 yara kimanin 70 suka mutu a Gambiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan wasu magungunan tari na wani kamfanin Indiya. Wannan babban laifi ne da ya cancanci hukunci. Sai dai a tuna cewa a 2001 kamfanin Cipla na Bombay ne ya yi tayin sayar da maganin cutar ƙanjamau a kan dala 350 a shekara, lokacin da kamfanonin Turai da Amurka ke karɓar fiye da dala 10,000. A 2009 kuma hukumar NAFDAC ta kama jabun maganin zazzaɓin cizon sauro mai tambarin Indiya, bincike ya nuna a ƙasar Sin aka yi shi.

A nan gida Nijeriya

Indiya ta buɗe ofishin jakadancinta a Ikko tun 1958, kafin samun mulkin kai. Kantin Chellarams ya riga shi, tun 1923. Hafsoshin Indiya ne suka taimaka wajen kafa makarantar horon sojoji ta NDA a Kaduna a 1964. Duk wanda ya yi sakandare a Arewa a shekarun 1970 da 1980 da wuya bai zauna gaban malamin lissafi ko na kimiyya Ba'indiye ba. Lokacin da Modi ya ziyarci Abuja a Nuwamban 2024, an ƙiyasta Indiyawa mazauna Nijeriya sun kai 60,000, kamfanoninsu kuma sun haura 200. Babur ɗin Bajaj da ɗan acaba ke ci da iyalinsa da shi daga can ya fito.

A shekarar da Amin ya yi korarsa, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta bi wata hanya dabam. Dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972, wadda aka ƙarfafa a 1977, ta keɓe ƙananan sana'o'i da cinikin sari-ka-sayar ga 'yan Nijeriya ba tare da ta ambaci wata ƙabila ba. Da yawa daga cikin 'yan kasuwar Indiya suka koma kafa masaƙu da sauran masana'antu. An kuma yi cinikin da bai yi albarka ba: a 2004 aka miƙa kamfanin ƙarafa na Ajaokuta ga wani kamfani na Indiyawa, a 2008 gwamnatin Umaru Musa 'Yar'aduwa ta soke yarjejeniyar, a 2022 Nijeriya ta amince ta biya dala miliyan 496 don a kashe maganar. A nan ma jami'an gida ne suka sa hannu a takardar.

Koke-koken ma'aikata a masana'antun Ikeja da Ota da Agbara game da ƙarancin albashi, da aikin wucin gadi na shekara da shekaru, da rashin kayan kariya, abubuwa ne da ke da doka da ofishin ƙwadago da kotun ma'aikata. Ana jin irinsu a masana'antun Sinawa da na Kwarori da na 'yan ƙasa. Maganinsu shi ne a kira kamfanin da sunansa, a kai shi gaban hukuma, ƙungiyoyin ƙwadago su tsaya a kai.

Gemun ɗan'uwa

Kuɗin goro ba shi da gida ɗaya. A Indiya kanta 'yan Nijeriya ne ake yi wa shi, ana ɗaukar kowane baƙar fata dillalin ƙwaya. A watan Maris na 2017 gungun mutane suka far wa ɗaliban Nijeriya a Greater Noida, kusa da Delhi, bisa jita-jitar da ba ta da tushe. Indiyawan da ke kukan takardar Gstaad suna da aikin yi a gidansu.

Ɗan Arewa mazaunin Kudu kuwa ba ya bukatar a fassara masa wannan labari. Shi ma baƙo ne mai sikeli, a zangon Sabo na Badun, a Agege, a Mile 12, yana tsakanin manomi da mai saye, tsadar tumatir da ta shanu duk a kansa ake sauke ta. Ya san abin da ya faru a Shagamu da Ketu a 1999, da Idi-Araba a 2002, da kasuwar Shasha a 2021 inda gardama tsakanin mutum biyu ta cinye kasuwa, da Uromi a 2025 inda aka kashe mafarauta 16 matafiya bisa zargi kawai. Dattawa suna tuna korar baƙi da Gana ta yi a 1969, da wadda Nijeriya ta yi a 1983. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka ya kamata sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni a Kudu su riƙa tsawata wa nasu mai laifi tun kafin a yi wa kowa kuɗin goro saboda shi, su kuma ƙi shiga sahun masu yi wa wasu. Ma'aikacin da Ba'indiye ya cuta ya nemi hakkinsa a wurin wannan mutum da wannan kamfani, da shaidu da takarda. Bakin da yau ya ce duk Indiyawa macuta ne, gobe shi zai ce duk Hausawa haka suke.